Kayan Ɗan Rabin Aji: Me Za a Saya, Wa Zai Saya?

 Sharhinmu na yau na iyayen yara ne, musamman na ƙasar Kebbe da Tambuwal, waɗanda bana za su kai ɗa ko 'ya makarantar boko karo na farko, a ajin nan na share fage da muke kira rabin aji, masu makarantun kuɗi kuma suke ce masa nazare.

Duk shekara idan Satumba ta ƙarato, zance ɗaya ake maimaitawa a gidaje, daga Kuchi zuwa Margai, daga Sanyinna zuwa Dogon Daji. Uwa ta ce yaro ya isa makaranta, ga sa'o'insa can sun fara tafiya. Maigida ya yi shiru, ya lissafa yadi da kuɗin tela da takalmi da jaka da littattafai, sannan ya ce, "A bari sai an yi kaka." Kaka ta zo, a biya bashin taki, a sallami 'yan ƙwadago, a gyara ɗakin da damina ta zubar, abin da ya saura na ci ne. Sai a ce, "To ai yaro ne, Allah Ya kai mu baɗi." Da haka yaro ke kai shekara bakwai ko takwas bai taɓa riƙe fensir ba. Ran da aka kai shi kuwa sai ya tarar ya girme wa kowa a ajin, kunya ta hana shi sakewa. In mace ce, kafin lokacin an riga an ɗora mata farantin talla, maganar makaranta ta bi ruwa.

Ba zan ɗora wa wannan uba laifi kai tsaye ba, domin na san abin da yake lissafawa. Lokacin komawa makaranta da lokacin samun manomi ba su taɓa zuwa daidai ba. Ana buɗe makaranta ne sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu sun tafi gona, sabon gero kuma bai gama shiga gida ba. Wanda ya matsu ya kai ɗan abin da ya yanka kasuwa, a daidai lokacin da hatsi ke faɗuwa, sai ya sayar da arha ya sayi yadi da tsada. Kuma muna magana ne a kan jihar Sakkwato, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce, a rahotonta na 2022, kimanin kashi 90 cikin ɗari na mutanenta suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli, fiye da kowace jiha a Najeriya.

Tsadar ma tana da tushe. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wani zai ce, ina ruwan littafin ɗan rabin aji da dala? Akwai ruwansa ƙwarai. Manyan masana'antun takarda uku da ƙasar nan ta gina, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, mafi yawan takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa. Haka fensir, haka kala, haka jaka. Kaya ya sauka Legas, ya hau mota zuwa Anacha ko Kano, daga can ya zo babbar kasuwar Sakkwato, ɗan kasuwar Tambuwal ko na Jega ya saro, mai tebur a Kebbe ya saro a hannunsa. Kowane zango da kuɗin motarsa da ribarsa. Shi ya sa talakan da ya fi kowa nisa da birni shi ne ke sayen fensir da tsadar da ta fi ta kowa.

Duk da haka, ga abin da na zo in faɗa yau, kuma da zuciya ɗaya nake faɗarsa. Abin da ɗan shekara biyar yake buƙata don ya zauna a aji kaɗan ne, bai kai yadda yake ba mu tsoro ba. Dogon jerin kayan nan da ke karya mana gwiwa, wani kasonsa haƙƙin gwamnati ne, wani kasuwanci ne aka sa wa rigar ilimi, wani kuma mu muka ɗora wa kanmu don gudun kada a ce ɗan wane ya fi namu ado.

Mu fara da na gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda hukumar UBEC ta tarayya da hukumomin SUBEB na jihohi ke aiki a ƙarƙashinta, ta ce karatu kyauta ne kuma tilas ne a firamare da ƙaramar sakandaren gwamnati. Ba ta bar maganar a dunƙule ba, ta ambaci abubuwan da za a bayar kyauta da sunansu: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, har da abincin rana. Ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan abubuwa, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya domin aikin. A 2013 kuma, a sabon bugun manufar ilimi ta ƙasa, aka shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin tsarin karatun tilas, domin 'yan shekara biyar, malami ɗaya ga yara 25. Ke nan rabin aji ba alfarma ce hedimasta ke yi wa unguwa ba. Haƙƙin yaro ne da aka rubuta.

A nan Sakkwato, a ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka kafa kwamitin tuntuɓa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Shekaru sun shuɗe tun daga nan, an gina ajujuwa, an yi gangamin sa yara makaranta. Amma wanda ya leƙa rabin aji a ƙauyukanmu ya san abin da yakan tarar a wurare da dama: yara jibge a ƙasa ko a gindin bishiya, ba tabarma, ba alli, wani lokaci malamin aji ɗaya ne ke leƙo su ya koma. Shi ne ajin da ake tunawa da shi a ƙarshe idan ana rabon kaya. Saboda haka uban da aka ce wa babu littafi yana da damar ya tambaya ina littafin ya tsaya. Akwai kwamitin kula da makaranta na jama'ar gari, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A je da ladabi, a je a ƙungiyance, a tambaya. Tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce.

Kafin mu shiga kasuwa kuma, ya kamata mu san me ake zuwa yi a ajin nan, domin aikin ne ke nuna kayan aiki. Ba jarrabawa ake zuwa ci ba. Ana zuwa ne yaro ya saba da rabuwa da uwarsa na 'yan sa'o'i, ya koyi zama da sa'o'insa, ya koyi jiran layi, ya buɗe baki ya yi magana, yatsunsa su yi ƙwarin riƙe abin rubutu. Ita kanta manufar ilimi ta ƙasa ta ce babbar hanyar koyarwa a wannan mataki wasa ce. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya kafa irin wannan aji a garin Bad Blankenburg a 1840, kayan da ya tanadar wa yaransa ƙwallayen zare ne da guntayen katako da laka da ɗan lambun da za su yi shuka. To wanne ne a ciki babu irinsa a Ungushi ko Girkau? Yaronmu ya san laka tun kafin ya san hanyar makaranta, yana gina shanu da raƙuma da ita a bakin fadama. Yana ƙera mota da karan dawa. Yarinya tana 'yar carafke da tsakuwa, wadda in ka duba da kyau ƙidaya ce da saita ido da hannu. Malamar da ta san aikinta za ta koyar da ɗaya zuwa goma da 'ya'yan tsamiya da murafun kwalba, ta koyar da launuka da ƙyallayen da tela ya zubar, ta sa yara su zana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi. Babu ko ɗaya a nan da ake saye da dala.

Idan ni aka tambaya abin da za a fara kashe wa kuɗi, sai in ce cikin yaro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ya fito gida bai karya ba, kafin hantsi ya dubi ludayi ya yi lamo a gefe ko ya ɓarke da kuka, sai a ce ba ya son makaranta, alhali yunwa ce. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku ya shafa, kuma ya yi ta tsayawa yana tashi, ba abin da uwa za ta dogara da shi ba ne. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, fura da nono, dafaffen wake, ɗan ƙullin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, abin da gida ya samu. Ɗan kwano mai murfi ya wadatar, ba sai an sayi kula mai hawa uku ba. Ba na hana kuɗin tara, amma mu sani ɗan shekara biyar da aka danƙa wa kuɗi alawa zai saya, alawa kuwa ba ta riƙe ciki har azahar.

Bayan abinci sai ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar nan yakan haura digiri 40, makarantu da yawa kuma ba rijiya ba famfo. Yaron da ƙishirwa ta kama zai sha duk ruwan da ya gani. A samo masa gora mai murfin da ke rufuwa sosai, mai faɗin bakin da za a iya wankewa kullum. In babu hali, robar lemo da aka wanke tas ta yi. Sai takalmi, domin hanyar makaranta akwai ƙaya, akwai fasasshiyar kwalba, akwai ƙasa mai zafi idan an tashi. Sandal na roba mai maɗauri a dunduniya ya fi masa kambas mai igiya, don bai iya ɗaure igiya ba tukuna, kuma roba ba ta jin ruwa. A bar ɗan sarari saboda girma, amma kada ya yi yawan da zai riƙa tuntuɓe. A kuma tuna da rigar sanyi tun kafin hunturun Disamba ya sa ta yi tsada. Ta gwanjo ma ta isa. Yara nawa ne ke daina zuwa makaranta a watan ɗari saboda babu abin da za su ɗora a kan yunifom?

To ga yunifom ɗin kansa, wanda shi ne ya fi tsayar da yara a gida, shi ne kuma dokar 2004 ba ta lissafa cikin kayan kyauta ba. Saiti ɗaya ya isa a fara da shi. A wanke da yamma, kafin safiya ya bushe. A gaya wa tela ya bar lanƙwasa a ƙafar wando da bakin hannu, don a kwance idan yaro ya miƙe. Na yayansa in bai mutu ba, a rage masa, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma wani ɗan abu da iyaye maza ba mu cika lura da shi ba, iyaye mata kuwa sun san shi sarai. A sa wa wandon roba a ƙugu, kada a yi masa zif ko maɓalli ko mazagin da ke ƙullewa. Yaro zai matsu ya kewaya, ya kasa kwancewa, ya ɓata jikinsa a gaban 'yan aji, su yi masa dariya, gobe ko da bulala ba zai yarda ya koma ba. Hijabin yarinya kuma kada a yi shi har ƙasa tana takawa, a bar ta ta iya gudu da tsalle kamar kowane yaro.

Ina roƙon hedimastocinmu a nan, don girman Allah kada a kori ɗan rabin aji saboda yunifom. A karɓe shi da kayan gida, a rubuta sunansa, a ba mahaifinsa wa'adi. Yaron da aka mayar daga ƙofar makaranta a ranarsa ta farko da wuya uban ya sake kawo shi.

Kayan rubutu kuwa, mu ba baƙinsu ba ne. Wannan ƙasa ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a Tambuwal, ƙasar da jajojin Nana Asma'u suka riƙa kai wa mata karatu har ƙauyukansu. Da me aka yi wannan karatu? Allon da masassaƙin gari ya sassaƙa, tawadar gawayi da ƙaro, alƙalamin kara. A rubuta, a wanke, a sake rubutawa, allo ɗaya ya ishi yaro shekaru, ƙanensa ma ya gada. Akwai hikima a nan da ya kamata boko ta ara. Mai koyo kuskurensa yawa gare shi, saboda haka a ba shi abin da ke gogewa. Ɗan allon hannu baƙi da alli sun fi wa ɗan shekara biyar amfani a kan tulin littattafai. Kafinta a Kebbe zai iya yanka shi daga guntun katako ya shafa masa baƙin fenti, in makaranta ta haɗa kai ta ba shi aikin gaba ɗaya sai ya yi sauƙi. Bayan allo, littafin rubutu ɗaya ko biyu mai falle 20 mai manyan layuka, fensir, magogi, da ƙaramin kwalin kala. In ka sayi fensir da yawa, ka ba shi ɗaya ka ajiye sauran a ɗaka, domin zai ɓatar, ɓatarwa kuma ba laifi ba ne a shekarunsa. Biro ba nasa ba ne tukuna.

Abu ɗaya nake so a ji da kunnen basira: kada a ba yaro reza. Mun saba ganin ɗan makaranta da tsohuwar reza a aljihu don fiƙe fensir, wani ma a bola ya tsince ta. Ya yanke kansa, ya yanki ɗan wani, rigima ta tashi tsakanin gidaje, ga haɗarin cutar da dattin rezar ke kawowa. A fiƙe masa a gida, ko a saya masa ɗan mafiƙi na roba.

Jaka ita ce muke fara saye, alhali ita ya kamata ta zo ƙarshe. Likitocin yara suna ba da shawarar nauyinta kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro. Ɗan shekara biyar mai kilo 17 ko 18, ke nan wajen kilo biyu ne iyakarsa, har da gorar ruwa. Ƙasar Indiya ma, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, cewa ta yi 'yan ajin share fage kada su ɗauki jaka sam. Manomi ya fi kowa sanin ba a ɗaura wa ɗan maraƙi garma. Jakar yadi mai rataya da tela zai ɗinka da ragowar ƙyalle ta ɗauki allo da kwano da gora, ana wanke ta, ba ta da zif ɗin da zai mutu kafin zango ya ƙare. Mai tayoyi da zane-zane an yi ta ne don daɓen siminti, turɓayarmu ba za ta bar ta ta yi wata biyu ba.

Yanzu bari mu juyo ga makarantun kuɗi, waɗanda suka yawaita a Tambuwal da sauran garuruwan kan titi. Ba na musun amfaninsu. Da yawa daga masu su 'yan gari ne, sun toshe gurbin da gwamnati ta bari, kuma su ma da ƙyar suke biyan malamai. Amma takardar da ake miƙa wa uba a ranar rajista tana buƙatar gyara. Yaron da bai iya riƙe cokali da kyau ba, an jero masa littattafai jibgi, ga kayan wasanni na daban, ga kayan Juma'a na daban, ga safa mai tambari, kuma duk a ofishin makaranta za a saya, ba a yarda da na kasuwa ba. Littattafan kuma irin waɗanda ake rubutu a cikinsu ne, ƙane ba zai gada ba, baɗi sai an sayi sababbi. Ƙarshen shekara a zo da kuɗin bikin yaye 'yan nazare, da riga da hula na haya. Wannan ba ilimi ba ne, kuma yana sa talaka ya ɗauka haka karatun yara yake ko'ina, har ya ji tsoron ta gwamnati ma. A 2025 jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare, ta kuma hana canza littattafai duk shekara. Ma'aikatar ilimi ta jihar Sakkwato, wadda ita ke ba makarantun nan izini, tana da ikon yin irin wannan, kuma ya kamata ta yi. Kafin nan, uban da aka miƙa wa takarda ya zauna da shugaban makaranta ya tambaya: wanne za a taɓa a wannan zango? Wanne zan iya samowa a kasuwa? Mai makarantar da ke da gaskiya ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Akwai kuma maganar harshen da littafin ya zo da shi. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, aka ce a koma Turanci tun daga ajin share fage. Ni ban ga hikimar haka ba. Ɗan Kebbe da Hausa ko Fulatanci ya tashi, da su yake tunani, da su zai fara gane cewa baƙin da ke kan takarda magana ce. Littattafan Mu Karanta da aka samar wa firamaren Sakkwato da Bauchi, a shirin da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa daga 2015, sun nuna ana iya buga wa ƙananan yara littafin Hausa mai kyau. In kana da halin littafi ɗaya na gida, sayi mai hotuna na Hausa, yayarsa ta karanta masa bayan magariba. Tatsuniyar kaka ma karatu ce, kuma ba a biyan ko sisi.

Kada wani ya ce mutanenmu ne ba sa son boko. Kebbe ta ga shaida da idonta. Tsakanin 2012 da 2022 hukumar UNICEF, da tallafin Birtaniya, ta gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata a jihohi shida na Arewa, Kebbe kuma tana cikin ƙananan hukumomi shida na Sakkwato da aka zaɓa, tare da Binji da Bodinga da Goronyo da Gudu da Wurno. Daga 2014 aka riƙa ba masu riƙon 'yan mata, galibi iyaye mata, naira 5,000 a kan kowace yarinya a kowane zubi, kuma yawan 'yan matan da aka sa makaranta ya ƙaru. Ashe sau da yawa abin da ke tsakanin yarinya da aji kuɗin yadi da takalmi ne kawai. Ashe kuma kuɗin da ya shiga hannun uwa yana isa jikin yaro.

Wannan shiri ya ƙare, amma dabarar tana hannunmu. Matan unguwa sun iya adashi, suna yin na biki, suna yin na Sallah. A yi na makaranta, a fara zubi tun da rani, a kwashe a Agusta. A haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya ya saro yadi bandir guda da littattafai dozin-dozin, a kai wa tela ɗaya, farashin sari ya bambanta da na ɗai-ɗai. Manomi kuma ya ware ɗan buhu lokacin girbi da sunan karatun yara, kada ya taɓa shi sai tsakiyar damina da hatsi ya yi daraja. Wadda ke kiwo ta sa wa akuya ɗaya wannan niyya.

Saura abubuwan da ba a saye a kasuwa. A nemo wa yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a adana katin rigakafinsa, za a neme su gaba. A rubuta sunansa a jikin gora da kwano da cikin takalmi. A koya masa cikakken sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu. A tsayar da wanda zai raka shi da wanda zai ɗauko shi, malama ta san fuskarsu. Babu mazaunin wannan yanki da ke buƙatar a gaya masa halin da 'yan bindiga suka jefa wasu ƙauyukanmu, har iyalai suka baro gidajensu da abin da ke jikinsu. Yaran waɗannan bayin Allah su ne suka fi cancantar a karɓa a kowace makaranta suka je, ba tare da an tambaye su yunifom ko takarda ba.

Kiranmu ga hukumar SUBEB ta jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal shi ne, kafin a buɗe zango a kai tabarmi da alli da allunan hannu kowane rabin aji, daga Fakku har Sangi, daga Jabo har Faga, a kuma ba ajin malaminsa na kansa wanda aka horar da renon yara. Wakilanmu a majalisa da masu hannu da shuni na gari, ku tuna da wannan aji idan kuna fitar da zakka da sadaka, ɗinkin marayu ashirin ba zai girgiza aljihunku ba. Ku kuma iyaye, uwa da uba, duk wanda ke da ɗan shekara biyar a gida, mace ko namiji, ranar da aka buɗe makaranta ku kama hannunsa ku kai shi gaban hedimasta a rubuta sunansa, da abin da kuka samu.